Kwamfutar da Hamma Ya Zaɓa

Abin da ya sa na ware wa wannan shekarar babi guda shi ne maganar da ta shigo kunnena ranar sunan jikana, ɗan autarmu. Ina zaune a zaure, wata 'yar uwa da ba zan kama sunanta ba tana cikin gida tana ba baƙi labari, muryarta kuwa ba ta neman lasifika. Wai ni Sale na bar yayana ya yi wahalar renon 'yata shekara ashirin da shida, da na ga yarinya ta fara samun abin duniya da wasanninta na kwamfuta sai na je na ƙwace ta. Ba ranar na fara jin wannan ƙagen ba. Amma ranar na lura kuna wajen, ku 'ya'yana, kuma babu wanda ya buɗe baki ya ce mata ba haka aka yi ba. Ban ɗora muku laifi sosai ba, tunda ban taɓa zaunar da ku na faɗa muku ba. Duk da haka raina ya ɓaci, kuma da ɓacin ran nake wannan rubutun. Ku karanta har ƙarshe, inda nake da laifi za ku gani, domin ban ɓoye shi ba.

Addarku, wato babbar yayarku, ita ce 'yata ta fari. Gidanmu Fulani ne da suka manta rabin harshensu amma ba su manta kunya ba. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya sa baki a sha'aninsa. Haka muka tarar, haka muka yi. Da aka yaye ta, yayana Hamma Umaru ya zo ya ɗauke ta, shi da matarsa Goggo Dija, domin Allah ya ba su maza huɗu babu mace. Shi yana GRA a nan Gombe, babban ma'aikacin gwamnati har ya kai darakta kafin ya yi ritaya. Ni kuwa ina Kagarawal da shagona na gyaran firji da esi mai sanyaya ɗaki, hannu kullum cikin baƙin mai. Ta tashi tana kiransa Abba, ni tana kirana Bappa kamar ni ne ƙanin uban. Ba zan ci amanarsa ba don yana ƙasa: ya riƙe ta riƙon gaskiya, ya yi mata makaranta har jami'a, bai taɓa bambanta ta da nasa ba. In na je gidan ta fito ta gaishe ni, sai in amsa ina kallon takalmina, kuma duk dangi suna yaba mini a kan haka.

Bayan ta gama bautar ƙasa aiki bai samu ba. Sai ta fara wani abu da ban fahimta ba da farko. Akwai wasannin kwamfuta masu labari, mutum yana tuƙa jarumin cikin daji da kogo da birane, ita kuma tana bugawa tana fassara wa masu kallo da Hausa, tana yi wa jarumin tsiya in ya faɗa rami, mutane suna kallonta kai tsaye ta wayoyinsu. Babu wanda ya gaya mini. A wani gida a Barunde na sani, ina durƙushe bayan firiza ina cire kwamfuresa, wato injin sanyinta, matan gidan sun taru a kan waya ɗaya suna dariya har da riƙe ciki. Na ji muryarta ta fito daga wayar. Sifana ta suɓuce daga hannuna. Uwargidan ta ce, ai wata 'yar Gombe ce, sai dai hotonta kullum dishi-dishi, yana yi yana tsayawa. Na ce Allah sarki, na ci gaba da aikina kamar ban san kowa ba. Da na koma shago na sa maƙwabcina mai cajin waya ya nemo mini ita, na kalla har batir ya mutu.

Farkon bazarar waccan shekarar wasu masu shirya irin waɗannan wasanni daga Legas suka neme ta. Suna son mai yi da Hausa. Sharaɗinsu guda ne: za ta yi gwaji na awa biyu kai tsaye, ranar Asabar da ƙarfe biyu na rana, hoto ya fita tar, kada ya tsinke. In ta tsallake su ɗauke ta. Wayarta da tsohuwar kwamfutar yayyenta ba za su iya ba. Hamma, wanda da farko yake kiran abin wasan yara, da ya ji an ce Legas sai ya ce shi zai saya mata kwamfutar da babu irinta a Gombe.

Ga abin da babu wanda ya sani sai mutum ɗaya. Tun ranar da innarku ta kawo mini labarin gwajin na fara zuwa shagon Bitrus. Bitrus mutumin Billiri ne, yana sayar da kwamfutoci yana kuma haɗa su, ni nake gyara masa esi shekara da shekaru. Mako uku ina zuwa bayan la'asar, in ce na zo duba gas ɗin esi, alhali esi lafiyarsa lau. Na tambaye shi kamar ina tambaya wa ɗan maƙwabci. Ya yi mini bayani yadda zan gane. Ya ce mai haska wasa kai tsaye aiki biyu yake ɗora wa na'ura a lokaci guda: tana zana wasan, tana kuma naɗe hoton tana aikawa. Don haka dole a samu kati na musamman mai zana hoto, wanda suke kira girafik kad, mai fankokinsa na kansa. Dole furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ta zama mai ƙarfi, ram da ke riƙe aikin da ake ciki ya wadata, akwatin wutar ciki ya iya ciyar da su duka ba tare da ya shaƙe ba. Intanet kuma ba saurin saukowa ake dubawa ba, saurin aikawa ne, kuma a ja waya daga na'urar intanet zuwa kwamfutar ya fi a dogara da iska. Wasu abubuwan sai da ya maimaita mini sau uku. Amma da ya zo kan zafi sai na ce masa ya tsaya, nan gidana ne. Shekara arba'in aikina ke nan, fitar da zafi daga inda ba a son sa. Duk injin da ke aiki mai nauyi sai ya yi zafi, in zafin bai sami hanyar fita ba injin ya rage gudu ko ya mutu. Na tambaye shi siraran kwamfutocin nan na cinya fa? Ya ɗauko ɗaya ya juya mini bayanta. Na ga 'yan ramukan iskar ba su kai faɗin farcena ba. Ban ƙara tambaya ba.

Ranar saye Hamma ya aiko a kira ni. Na ɗauka shawarata yake so, ashe mai ɗaukar kaya yake nema. Muka tafi a motarsa, shi da Addarku da ni, kuma cikin ikon Allah shagon Bitrus muka nufa, domin shi ne aka fi yabo. Bitrus ya gan ni ya yi murmushi, na kau da kai. Ya saurari abin da Addarku take buƙata, ya shiga ciki ya fito da wani baƙin akwati mai girman ƙaramin janareta, gefensa a buɗe, fankoki huɗu a ciki, katin hoton na hannu ne amma lafiyayye. Hamma ya dube shi sama da ƙasa.

"Wannan kuma mene ne? Injin markaɗe?"

"Ranka ya daɗe, shi ne zai yi mata aikin," in ji Bitrus. "Ba shi da kyan gani, amma awa shida zai yi bai gaji ba."

"Kayan da wani ya ci ya rage za ka ba 'yata? Waccan fa?"

Ya nuna wata siririyar kwamfuta cikin gilashi, fara sol, ana iya duba fuska a murfinta. Ita ce mafi tsada a shagon, kuma a wurin Hamma wannan ya gama magana. Shekara talatin yana sa hannu a takardun sayen kayan ofis, a saninsa abin da ya fi tsada shi ya fi kyau.

"Wannan ta ofis ce, ranka ya daɗe. Ta rubutu ce da taro. Ba ta da katin hoto na daban. Ga zafin Gombe kuma."

"Ku 'yan kasuwa haka kuke. Kayan da ya kwana muku shi kuke tura wa mutum."

Addarku ta ce a hankali, "Abba, ina ganin abin da ya faɗa gaskiya ne. Na karanta."

"Ke yarinya ce. Mutanen Legas za su gan ki da wannan tarkacen su ce daga ina aka kwaso ki?"

Ba ta taɓa musu da shi ba. Sai Bitrus ya juyo ya dube ni, ya ce, "Malam Sale, kai ka san maganar zafi. Ka faɗa wa Alhaji."

Su uku suka zuba mini ido. Ita ma ta dube ni, abin da ba ta saba yi ba. Maganar tana bakina, na san ta kamar yadda na san sunana. Amma 'yar fari ce, ga wanda ya rene ta a tsaye, ga aljihunsa ne zai biya. Na ji muryar mahaifiyarmu a kaina tana cewa ɗan halak ba ya nuna shi ya haifa. Sai na ce:

"Abin da Hamma ya gani shi ne daidai."

Ni na ɗauko kwalin zuwa mota. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

Ranar gwajin ban je GRA ba, ba a kuma gayyace ni ba. Na rufe shago rabi, na zauna a kan wata matacciyar firiza da wayata. Watan Afrilu ne, irin ranar da kwalta ke laushi. Minti ashirin na farko komai ya tafi daidai, hoto tar, muryarta garau, masu kallo suna ta rubuto mata gaisuwa. Har na fara cewa ko Bitrus ya zuzuta ne. Daga nan jarumin wasan ya fara tafiya kamar mai ciwon gwiwa. Yana ɗaga ƙafa ya tsaya, ya yi tsalle ya daskare a sama. Ta cikin makirfonta ina jin 'yar fankar tana kuka, irin kukan da na sani a firjin da aka manna wa bango. An ɗauke wuta a unguwarsu, an tada janareta amma ba ya ɗaukar esi, haka aka gaya mini daga baya. Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani. Ta mayar da abin wasa, tana cewa jarumin nata azumi yake yi. Kafin a cika minti hamsin hoton ya tsaya cik a kan fuskarta, bakinta a buɗe tana tsakiyar magana, sannan allo ya yi baƙi. Na zauna ina kallon baƙin allon, mai cajin waya yana tambayata ko lafiya.

Mutanen Legas suka ɗauki wani. Hamma ya ce kamfanin intanet ne, daga baya ya ce janareta ne, daga baya ya ce hassadar mutane ce. Bai taɓa cewa kwamfutar ce ba. Ƙarshe ya ce Allah ne ya nuna ba hanyarta ba ce, ya fara kiran tsofaffin abokan aikinsa a samo mata kujera a wani ofis. Ta naɗe makirfonta ta sa a kwali. Asabar uku ina buɗe waya babu ita.

Wata Talata da hantsi ina hura wa wani bututu wuta, na ji sallama. Ita ce, ita kaɗai, da farar kwamfutar a jaka. Tunda aka haife ta ba ta taɓa taka shagona ba. Na kashe wutar, na rasa inda zan sa idona. Ta gaishe ni, ta zauna a kan bencin kwastomomi.

"Bappa, daga wajen Bitrus nake. Na kai masa ya duba ko fankar ce ta lalace."

"To."

"Ya ce fankar lafiyarta lau. Ya ce mako uku kana zuwa shagonsa kana tambaya."

Na ɗauki tsumma na shiga goge hannuna.

"Ka sani ke nan tun ranar?"

"Na sani."

"Ka san za ta mutu mini a tsakiyar gwaji?"

"Ban san minti nawa za ta yi ba. Amma na san ba za ta kai ba."

Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Ni duk tsawon rayuwata na ɗauka ba ka damu ba ne, na kuma saba da hakan. Ashe ka damu, kallona kawai kake yi in faɗi."

Ta ɗauki jakarta ta tafi. Na fi shekara sittin a duniya a lokacin, an zage ni, an cuce ni, na binne iyaye, amma babu maganar da ta taɓa shiga jikina kamar wannan. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne duk dangi da za a tambaya, cewa za su yi na yi daidai a shagon Bitrus. Wace irin tarbiyya ce wannan da za ta sa mutum ya ga rami a gaban 'yarsa ya yi shiru, a kuma yaba masa? Ba na zagin al'adarmu gaba ɗaya, akwai alheri a cikinta. Amma waɗanda suka kafa ta don kada uba ya shagwaɓa ɗa suka kafa ta. Mu muka mayar da ita wurin ɓuyan matsorata, kuma ni na ɓuya a cikinta ranar.

Washegari na sayar da mashin ɗina na koma wajen Bitrus. Baƙin akwatin yana nan, babu wanda ya taya. Muka zauna muka sake duba shi guntu-guntu. Ya ƙara ram, ya canja akwatin wutar da wanda ya fi ƙarfi, domin na ce ba na son abin da zai yi aiki a bakin iyakarsa. Fankokin kuwa ni na tsara su, biyu na gaba suna jawo iska, na baya da na sama suna fitarwa, na sa raga a gaba saboda ƙura. Bitrus ya so ya sa masa fitilun nan masu launi da samari ke so, na ce masa ba gidan biki za a kai shi ba. Muka haɗa da batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, da doguwar wayar intanet. Muka kunna wasa mafi nauyi da yake da shi, muka kashe esin shagon da gangan, muka bar shi awa huɗu. Ina zaune da tafin hannuna a bayan akwatin, iska mai zafi tana fita yadda ya kamata.

Yanzu ku saurara da kyau, domin nan ne masu ƙage suke karkatar da labari. Ban kai mata ba. Niyyata in kai wa Hamma a keɓe, in roƙe shi ya ba ta a matsayin shi ya saya, kada ma sunana ya fito. Na ɗora kayan a adaidaita ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Kuskurena na farko ke nan, na manta ranar Juma'a tsofaffin abokan aikinsa suke taruwa a barandarsa su ci abinci. Su shida na tarar, manyan riguna, ana shan kunun aya. Ya kamata in juya. Amma mai adaidaita ya riga ya sauke akwatin a gaban kowa.

"A'a, Sale," in ji Hamma yana dariya. "Injin markaɗen nan ka biyo? Ku duba, ƙanina ne, mai gyaran firji. Yanzu kuma ya zama injiniyan kwamfuta."

Aka yi dariya. Na ce, "Hamma, ina son ganinka a ciki."

"Faɗi a nan, duk 'yan uwa ne. Ai maganar wasan nan ta wuce. Na saya mata wadda ta fi kowace tsada a garin nan ba ta yi ba, sai wannan tarkacen?"

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Shekara ashirin da shida ina haɗiye ta, ranar ta ƙi haɗiyuwa. Na ce masa wadda ya saya ba ta aikin ba ce, an gaya masa a gabana bai ji ba. Na ce tsada ba ta zana hoto, ba ta fitar da zafi. Na ce yarinyar nan ba intanet ne ya kayar da ita ba, ba hassada ba ce, mu biyu ne muka kayar da ita, shi da girman kansa ni da shiruna. Har na ƙara da abin da nake nadama har gobe, na ce:

"Ko bulo biyu kuka ɗora ta a kai kuka kunna mata fanka, da ta ɗan yi numfashi. Wannan ko almajirin gyara ya sani."

Ɗaya daga cikin baƙin ya yi dariya, ya yi sauri ya mayar da ita tari. Fuskar Hamma ta canja. Ya ajiye kofinsa a hankali. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, haka ake cewa, amma ba a gaban abokan mutum ake faɗa masa ba, kuma ba ƙani ne ke faɗa wa wa da wannan muryar ba. Gaskiya na faɗa, amma na faɗe ta a makare, a kuma wurin da bai dace ba.

"Ashe ka fi ni sanin abin da ya dace da ita," ya ce. "Ban sani ba. To ga ka ga 'yarka."

Da magariba direbansa ya kawo ta Kagarawal da akwatunanta, har da baƙin akwatin da na kai. Farar kwamfutar kaɗai aka bari a can. Wannan ita ce ƙwacewar da ake faɗa. A ranar ba ta da ko sisi daga wasan nan, ba ta da aiki, masu kallonta sun watse. Kwana uku tana ɗakin innarku tana kuka tana cewa a mayar da ita wajen Abbanta, ni kuma ina jin ta ta bango. Na koma GRA sau biyar. Na je ni kaɗai, na je da limamin unguwarsu, na je da kawunmu na ƙarshe da ya rage. Na durƙusa a gabansa da furfurata. Ya ce ya yafe, babu komai, amma ɗa na mai shi ne. Ita ma in ta je yana amsa gaisuwarta, ya tambayi lafiyar mutanen gida kamar baƙuwa, ya sallame ta. Duk wanda ya ce na ji daɗin dawowarta ta wannan hanyar, Allah ya isa tsakanina da shi.

Sai bayan wata biyu ta taɓa baƙin akwatin. Na gyara mata ɗakin bayan shago, na tada wani tsohon esi daga cikin tarkacena, na ɗora sola a rufin. Asabar ɗin da ta dawo, awa uku ta yi hoto bai motsa ba. Mutanen Legas ba su sake nemanta ba, wannan damar ta tafi har abada. Abin da kuka ga ta zama yau, a hankali ta gina shi, mai kallo ɗaya bayan ɗaya. Ni dai aikina duk wata in buɗe akwatin in hure ƙura. Muna magana yanzu, ni da ita, ko da yake har yau Bappa take ce mini, kuma kun lura alƙalamina ma ya ƙi rubuta sunanta.

Shekara biyu da 'yan watanni Hamma bai taka Kagarawal ba, har ciwon da ya ɗauke shi ya zo. Bayan addu'ar bakwai, mutane sun ragu, Goggo Dija ta aiko a kira ni. Ta ce in zo in ga wani abu. Ta kai ni ɗakin karatunsa, inda ba kowa ke shiga ba. A kan teburinsa, tsakanin tsofaffin fayiloli, ga farar kwamfutar nan a buɗe. An ɗora ta a kan bulo biyu, ƙarƙashinta fayau iska na wucewa. A gefe ga ƙaramar fankar tebur an saita ta daidai bayanta.

"Duk Asabar ƙarfe biyu yake shigowa nan ya rufe ƙofa," in ji ta. "Ina jin muryar yarinyar, ina jin shi yana dariya. Da kansa ya ɗauko bulon daga bayan gida. Ya ce in na gaya wa wani bai yafe ba."

"Bai taɓa cewa in zo ba?"

"Ya sha tambayata ko ka zo. In na ce a kira ka sai ya ce a bari, kai ne ƙarami, kai za ka sake zuwa."

Ni kuwa bayan zuwa na biyar na daina, na ce kada in dame shi. Tsakanin GRA da Kagarawal ba ta kai tafiyar minti ashirin ba.

Na sa hannu na taɓa bayan kwamfutar, don hannuna ya saba. Sanyi ƙalau. Goggo Dija ta ce in ɗauka in kai wa yarinyar, na ce a bar ta inda ya ajiye ta. Bulo ɗaya kawai na roƙa, shi ne kuke gani a kan teburin shagona kuna tambayata na mene ne, ina ce muku na danne takardu ne.